Kwandalar Azurfa Mai Hoton Almara: Kuɗi Ce Ko Kayan Sha'awa?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Na ga wata kwandalar azurfa a intanet, nauyinta oza ɗaya, an zana zoben nan na The Lord of the Rings a jikinta. An rubuta Niue da dala 2, amma kuɗin da ake nema ya haura dala 100. Mai sayarwa ya ce da lasisi aka buga ta, kuma ƙalilan aka yi, don haka sai dai ta yi ta tashi. Ina son labarin tun ina makaranta, kuma ina neman inda zan adana ɗan abin da na tara saboda faɗuwar naira. Shin kuɗi ce ta gaskiya? Zan iya yin ajiya a cikinta?"

Amsa: Malam, tambayoyi biyu ka dunƙule wuri ɗaya, kuma gara mu raba su tun da wuri. Akwai son da kake yi wa labarin, akwai kuma neman inda kuɗinka zai kwana lafiya. Kwandalar nan tana biyan buƙatar farko sosai. Ta biyun ce ba ta biya sai kaɗan, kuma ba daga bakin mai sayarwa za ka ji haka ba.

Mu fara da sunan da ka gani a jikinta. Niue tsibiri ne guda ɗaya a kudancin tekun Fasifik, mutanensa ba su kai 2,000 ba, babban garinsa Alofi. Tun 1974 yake mulkin kansa cikin yarjejeniyar haɗin gwiwa da New Zealand, kuma dalar New Zealand ake kashewa a kantunansa. Ba shi da masana'antar buga kuɗi. Abin da yake da shi shi ne ikon da kowace gwamnati ke da shi na cewa "wannan kuɗin ƙasata ne", kuma wannan ikon ne yake bayarwa haya. Kamfani mai zaman kansa ya zo da zane, gwamnatin tsibirin ta amince, a sa sunanta da hatiminta ko hoton sarautar Ingila a fuska ɗaya, a buga, a sayar a Amurka da Turai da Asiya, ita kuma a ba ta kasonta. Ga ƙasa mai ƙarancin jama'a da ƙarancin abin sayarwa, wannan hanyar shigar kuɗi ce ta halal a dokarsu, kuma ba ɓoye ta suke yi ba.

Kamfanin da ya fi suna a wannan harka shi ne New Zealand Mint da ke Auckland. Sunan yana ruɗar mutane, don sai a zaci na gwamnati ne. Na 'yan kasuwa ne, kuma ba shi ke buga kuɗin da mutanen New Zealand ke kashewa ba. Shi ya fitar da kwandalolin Star Wars da sunan Niue a 2011, ya kuma fitar da na The Lord of the Rings a 2021, lokacin da fim na farko ya cika shekara 20. Tun kafin nan, a 2001, an buga kwandalolin Pokémon da sunan tsibirin. Masana'antun Polan ma suna hayar wannan suna. Perth Mint ta Ostiraliya, wadda ita ta gwamnatin jiha ce kuma tana aiki tun 1899, tana yin irin wannan da sunan Tuvalu. Kamfanin CIT na Liechtenstein yana amfani da Tsibiran Cook da Palau. Salon ɗaya ne, sunan ƙasa kawai ke sauyawa.

Me ya sa kamfani zai biya kuɗi don aron sunan ƙasa? Saboda masu tara kwandaloli don sha'awa sun fi sakin hannu a kan abin da ake kira kuɗin ƙasa fiye da lambar ƙarfe wadda ba gwamnatin da ta tsaya mata. Kwandala mai sunan ƙasa tana shiga kundayen masu tarawa, kuma wanda ya yi jabunta ya taɓa dokar kuɗi. Dala 2 ɗin da aka rubuta kuwa da gangan aka ƙanƙanta ta, don kada wani ya kwaso su ya kai wa gwamnatin tsibirin ya ce a ba shi canji. Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce: a takarda, i, kuɗi ce. A aikace ba wanda ke kashe ta, kuma galibinsu ko ƙasar Niue ba su taɓa sauka ba.

Abin ya zo har gida, kuma wannan ya kamata 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana su sani. In ka yi yawo a kantunan dillalan Turai da Amurka za ka ga kwandalolin azurfa masu sunan Jamhuriyar Nijar da faran 1,000 na CFA, na Kamaru da faran 500, na Chadi, na Ghana da sidi 5, wasu da hoton damisa ko zaki, wasu da dodanni da jaruman tatsuniyoyin Girka. Scottsdale Mint ta Amurka da Mennica Polska ta Polan suna cikin masu buga irinsu. Amma kuɗin da ake kashewa a Nijar bankin BCEAO ne mai hedkwata a Dakar ke fitar da shi, na Kamaru da Chadi kuma BEAC da ke Yawunde. Waɗannan kwandaloli ba a yi su don kasuwar Maraɗi ko Garwa ba, kuma in ka miƙa wa mai shago zai juya ta ya maido maka. Faran 1,000 ɗin ma bai wuce yuro ɗaya da rabi da 'yan kai ba, tun da yuro ɗaya faran 655.957 ne. Kada sunan ƙasarka a jikin ƙarfe ya sa ka ji kamar ta fi sauran tsaro.

Lasisin da mai sayarwa ya ambata kuwa na biyu ne, daban da na gwamnati. Shi ne izinin masu labarin. J.R.R. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya sayar da haƙƙin fim da na kayan sayarwa na littattafansa ga kamfanin fim na United Artists a 1969, haƙƙin ya koma hannun mai shirya finafinai Saul Zaentz a 1976, sannan Embracer Group na Suwidin ya sayi kamfanin da ke riƙe da shi, Middle-earth Enterprises, a 2022. In zanen ya ɗauko siffar abin da ke cikin finafinai, to Warner Bros. ma yana da hannu a ciki, kamar yadda yake da shi a kan Harry Potter. Star Wars na Lucasfilm ne, wanda Disney ya saya a 2012. Kowannensu sai an biya shi kafin a taɓa zanensa, kuma sai ya ga samfuri ya yarda. Shi ya sa in ka ɗora madubin ƙara girma a gefen kwandala ta gaske za ka ga ɗan ƙaramin rubutu mai alamar © da sunan mai haƙƙi. Lasisin yana nuna maka cewa ba satar zane aka yi ba. Bai yi maka alkawarin komai a kan farashin gobe ba. Hasali ma kai ne ka biya shi, yana cikin kuɗin da ka bayar.

Yanzu lissafi. Ozar da ake auna azurfa da ita giram 31.1 ce, kuma alamar 999 na nufin kashi 999 cikin 1,000 azurfa ce zalla. Farashin oza yana sauyawa kullum, ana kuma ganinsa kyauta a intanet, don haka ka duba na ranar da za ka saya. Don misali kawai, mu ɗauka oza tana dala 40, kwandalar kuma dala 120. Dala 40 ce azurfarka. Sauran 80 sun tafi ga gwamnatin da ta ba da suna, da mai labarin, da mai zane, da aikin bugu da fenti, da akwati mai kyau, da talla, da ribar kamfani, da ribar dillali. A kan wannan kai za ka ɗora kuɗin jirgi da inshora da abin da kwastan za su nema da asarar canji. Kafin ƙarfen da kansa ya maido maka da uwar kuɗinka, sai azurfa ta ninka fiye da sau uku. Matanmu sun san wannan a sayen sarƙar gwal: ranar saye ana biyan kuɗin ƙira, ranar sayarwa sikeli kawai ake ɗorawa. Bambancin shi ne a sarƙa ƙirar ɗan kaso ce, a nan kuwa ita ce mafi yawan kuɗin.

Ba na so ka ji kamar ina raina aikin, don aikin yana da kyau ƙwarai, kuma duk wanda ya riƙe ta gaske a hannu zai fahimci abin da ke jan mutane. Yawancinsu bugun madubi ne, wanda dillalai ke kira furuf. Ana goge hatimin ƙarfen da za a buga da shi har ya yi ƙyalli, a goge faifan azurfar shi ma, sannan a buga fiye da sau ɗaya da ƙarfi mai yawa. In ka karkata ta a gaban taga sai ka ga filin bayan zanen ya yi baƙi wuluk kamar ruwan rijiya, zanen kuma ya taso fari mai laushi kamar an barbaɗa masa gari, har silin gemun tsohon matsafin labarin da lanƙwasar haruffan da ke jikin zoben ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu tudu sosai da ake yi wa baƙin tsufa da gangan a goge samansu da hannu, akwai masu fenti, akwai waɗanda aka shafa wa zinariya a wani sashe. Masu sassaƙa ne na gaske ke zama su yi wannan. Wanda ya biya don wannan kyau ya san abin da ya saya, kuma bai yi asara ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar "ƙalilan aka yi". Gaskiya ne ana ƙayyade adadi, a rubuta shi a takardar shaida, wani lokaci 5,000, wani lokaci 2,000, wani lokaci ƙasa da haka. Amma adadin kwandala ɗaya aka ƙayyade, ba adadin ire-irenta ba. Jarumin da aka buga bana a zagaye za a sake buga shi baɗi a siffar garkuwa, a sake shi da fenti, a sake shi a oza biyu, wani kamfanin ma ya karɓi nasa lasisin ya fito da nasa. Kowanne ƙalilan ne, amma in ka tara su sun cika kasuwa. Sannan ka lura da wani abu. Tsohuwar kwandala tana tsada ne saboda an kashe 'yan'uwanta, sun goge, sun ɓata, an narkar da su, 'yan kaɗan suka tsira. Waɗannan kuwa tun ranar farko kowace tana kwance cikin ƙoƙon roba da akwati, ba wadda ke lalacewa. Bayan shekara 30 kusan dukkansu suna nan sababbi fil. Abin da zai iya raguwa shi ne yawan masu nemansu, domin masu son labari suna girma, 'ya'yansu kuma da nasu labaran.

An ga wannan a baya. Franklin Mint, wanda aka kafa a Amurka a 1964, ya sayar wa jama'a jerin lambobi da kwandalolin azurfa masu yawa, da sunan ƙananan ƙasashe da takardun shaida da akwatuna masu kyau. Da azurfa ta yi tashin gwauron zabi ta kusa dala 50 a Janairun 1980, lokacin da 'yan gidan Hunt na Texas suka yi ta saye, ɗimbin kayan nan tukunyar narkarwa suka nufa, don ƙarfen ya fi abin da masu tarawa za su biya. Har yau galibinsu a kan nauyi ake cinikinsu. Wani darasin daga Kanada ne. Daga 2011 masana'antar kuɗin gwamnatinsu ta riƙa sayar da kwandalar azurfa mai rubutun dala 20 a kan dala 20 daidai, nauyinta giram 7.96, wasu da Superman, wasu da Bugs Bunny. Da farashin azurfa ya sauko, mutane suka riƙa mayar da su suna karɓar kuɗinsu, har aka rufe shirin a farkon 2017. Can ma abin da ya ceci masu saye shi ne akwai gwamnatin da za ta karɓa a kan dala 20. Kai dala 2 aka rubuta maka.

Ita azurfar ma ba tudun tsira ba ce kamar yadda ake zato. Ta sake kusantar dala 50 a Afrilun 2011, ta gangaro wajen dala 14 a ƙarshen 2015, ta taɓa wajen dala 12 a Maris na 2020. Tana tashi da gudu, tana faɗuwa da gudu, fiye da zinariya.

Sai batun da ya fi damuna game da mai saye daga ƙasashenmu: wa za ka sayar wa? Mutumin Jamus ko Amurka yana da kantunan kwandala da taron masu tarawa da gidajen gwanjo, kuma aika kaya ba ya ba shi wahala. Kai in buƙata ta taso, ka ce ciwo ko kuɗin makaranta, wajen maƙeran fari ko masu sayen gwal da azurfa za ka nufa. Zai karɓa, ya ajiye akwatin gefe, ya ɓalle ƙoƙon, ya ɗora a sikeli. Wataƙila ya goga gefenta a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, wanda nan take ya kashe duk wata darajar masu tarawa. Sannan ya ba ka farashin giram 31, ya cire nasa. Bai zalunce ka ba, sana'arsa ke nan, kuma haka muka gaji cinikin azurfa. Liyarin da kakanninmu suka sani, dalar Maria Theresa ta Ostiriya da ta biyo fataken Tarabulus zuwa Barno da Kano, mai nauyin giram 28 da azurfa kashi 833 cikin 1,000, wadda har yau ake buga ta da shekarar 1780 a jikinta, an karɓe ta ne saboda kowa ya san nauyinta da ingancinta. Mata suka yi ado da ita, maƙera suka narkar da ita suka yi mundaye da zobba. Kasuwarmu nauyi take saye. Sayarwa waje kuma yana nufin buɗe asusu a eBay ko makamancinsa, da kuɗin da za su cire, da aikawa da inshora, da shawo kan baƙo ya yarda da sabon mai sayarwa daga nesa.

Game da naira, ka yi hattara da wani ruɗi. Tun da aka saki canji a Yunin 2023, duk abin da ake sa wa farashi da dala ya tashi in aka lissafa shi da naira. Wanda ya sayi irin wannan kwandala kafin nan zai iya nuna maka cewa ya ci riba. Dalar ce ta yi masa aiki, kuma da azurfa zalla ya saya da kuɗin, da ya samu oza biyu ko uku a maimakon ɗaya.

Akwai waɗanda suka tashi, ba na musu. Yawanci na farko ne a jerin da ya karɓu, ko mai adadi kaɗan ƙwarai na labarin da masoyansa ke da yawa da kuɗi. Amma ba wanda ke sanin wacce ce tun kafin lokaci, har da masu buga su. Hanyar bincike mai sauƙi ce. Nemi kwandalolin kamfanin nan na shekara biyar ko takwas da suka wuce, ka duba farashin da aka saya da gaske, wato cinikin da aka kammala, ba abin da masu talla ke nema ba. Ka kwatanta da farashin fitowarsu, ka kuma cire abin da tashin azurfa ya ƙara. Rabin sa'a ya ishe ka ka ga yadda abin yake. Kuma kada ka biya ƙari mai yawa don an rufe ta a kwalin NGC ko PCGS, kamfanonin da ke tantance kyawun kwandala su ba ta maki, da lamba 70, wadda ita ce ƙololuwar ma'auninsu. A tsohuwar kwandala babbar lamba abin nema ce. A sabuwa da ta fito daga masana'anta kai tsaye zuwa roba, 69 da 70 sun yi yawa.

In ka yanke shawarar saye, ka fara tabbatar da abin da ke hannunka, domin ba duk mai farin ƙyalli ne azurfa zalla ba, ko a wajen kamfanonin gaskiya. Royal Mint ta Birtaniya ta fara fitar da fens 50 na Harry Potter a 2022, shekara 25 da fitowar littafin farko. Akwai na gaurayen jan ƙarfe da nikel, akwai na azurfa kashi 925, zanensu ɗaya, nauyinsu ɗaya, giram 8, farashinsu kuwa ba kusa ba. Monnaie de Paris ta Faransa ta fitar da nata a 2021, kuma na yuro 10 ɗin azurfarsu kashi 333 ce cikin 1,000, sulusi ke nan. Shire Post Mint da ke Arkansas tana buga kuɗaɗen cikin labaran kansu, kamar waɗanda jaruman za su kashe a kasuwarsu, da lasisin masu haƙƙi, wasu da azurfa wasu da jan ƙarfe ko tagulla, kuma ba su da sunan wata ƙasa ta duniyar nan. Duk waɗannan suna faɗin abin da suke sayarwa a fili, karantawa ce ta rage gare ka. Masu haɗari su ne waɗanda ke cike manyan kasuwannin intanet da araha: ƙarfe ne aka shafa wa azurfa, da zanen sata, wani lokaci har da 999 a jiki da takardar shaida ta jabu. Duk wadda aka ce oza ɗaya ce amma kuɗinta bai kai farashin oza na ranar ba, ka wuce kawai.

Gwajin da ba ya ɓata kaya shi ne na maganaɗisu da na awo. Azurfa ba ta kama maganaɗisu. In ka sami ƙaramin mai ƙarfi irin na neodimiyam, ka karkata kwandalar tana cikin robarta ka sake shi a kai, zai gangaro a hankali kamar ana riƙe shi. In ya manne, baƙin ƙarfe ne. In ya zube da gudu, ba ita ba ce. Sai dai jan ƙarfe ma yana rage masa gudu, don haka wannan kaɗai bai isa ba. Ka nemi faɗi da nauyin da kamfanin ya wallafa a shafinsa, ka auna da sikeli mai nuna ɗigo biyu. Jabun da ya cika nauyi yakan fi kauri ko faɗi, saboda jan ƙarfe bai kai azurfa nauyi ba. Ga kwandala marar fenti wadda ba bugun madubi ba, akwai gwajin ruwa. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili, ka ɗaure kwandalar da zare ka nutsar da ita ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba. Oza ɗaya ta azurfa zalla za ta nuna kusan giram 2.96, don in ka raba 31.1 da wannan za ka sami kusan 10.5. Jan ƙarfe mai wannan nauyin zai nuna wajen 3.47. Amma mafi tsaro shi ne saye daga kamfanin kansa ko dillalin da ya lissafa a shafinsa, ka kuma adana rasit.

In ta iso, kada ka fitar da ita daga ƙoƙonta. Zanen yatsa ɗaya a fuskar madubi ba ya fita, ƙurar hunturu kuma in ka share ta da ƙyalle sai ta bar layuka. Kada ka goge ta da toka ko man goge baki ko lemun tsami irin yadda ake wanke munduwa. Farar wuta ce ke sa azurfa baƙi, kuma tana cikin robar ɗaure kuɗi da wasu takardu da hayaƙi, don haka ka nisanta ta da su, ka sa 'yar jakar nan mai tsotse danshi a cikin akwatin saboda damina. Akwatin da takardar shaida su ma kaya ne, in suka ɓata farashi ya ragu. Wani lokaci fararen tabo kamar ɗigon madara kan fito da kansu bayan watanni, daga wajen sarrafawa suke, kuma ƙoƙarin cire su ya fi su ɓarna.

Akwai ɓangaren addini da bai kamata in tsallake ba, ko da yake hukuncinsa na malamai ne. Azurfa tana cikin abubuwan da ake fitar wa zakka. Nisabinta dirhami 200 ne, kimanin giram 595, ana fitar da ɗaya cikin arba'in in shekara ta zagayo. Kwandala 19 masu oza ɗaya giram 591 ne, 20 kuwa 622, kuma ana haɗa ta da sauran kuɗin da mutum ya mallaka. Sannan musayar azurfa da kuɗi sharaɗinta hannu da hannu, alhali da yawa daga cikin waɗannan ana sayar da su tun kafin a buga, ka biya yau a aiko bayan watanni, wanda ko a kasuwance cinikin biri a sama ne. Ga kuma batun hotunan masu rai da jigon sihiri da ke cikin wasu labaran. Ka kai wa malaminka waɗannan ukun dalla-dalla, ka bayyana masa yadda cinikin yake gudana, kafin ka tura kuɗi.

Da ni ne a matsayinka, zan raba kuɗin gida biyu marasa daidaito. Kaso mafi girma, in har azurfa nake so, zai tafi ga kwandalolin da ake bugawa da yawa don nauyi, waɗanda ƙarinsu a kan farashin ƙarfe kaɗan ne kuma kowane dillali a duniya ya san su: Maple Leaf ta Kanada da aka fara a 1988, Eagle ta Amurka tun 1986, Philharmonic ta Ostiriya tun 2008, ko Britannia ta Birtaniya. Akwai ma tsaka-tsaki ga mai son almara. Royal Mint tana da jerin jaruman tatsuniyoyin Birtaniya da ta fara da Robin Hood a 2021, daga baya Sarki Arthur da Merlin suka biyo, ana sayar da su kusa da farashin nauyi, tun da ba wani kamfanin fim da za a biya. New Zealand Mint da Perth Mint su ma sukan fitar da wasu masu lasisi a bugun nauyi, ba fenti ba akwati, da ƙari mai sauƙi. Ɗan kason da ya rage, wanda ba zan shiga damuwa ba in bai dawo ba, shi zan sa a kwandalar zoben, guda ɗaya, wadda ta fi burge ni.

Kafin ka biya, ka nemi mai sayarwa ya aiko maka da hoton fuska biyu na ainihin wadda zai ba ka, da hoton takardar shaida mai nuna lambarta da adadin da aka buga, ya faɗa maka sunan masana'anta da shekara, ya kuma tabbatar tana hannunsa yanzu. Ka je shafin masana'antar ka ga ko ta taɓa fitar da wannan zanen a wannan nauyin. Sannan ka tambaye shi nawa zai saye ta in ka maido masa bayan shekara, ka ce ya rubuta maka amsar.